Yadda Makarantar Sakandare a Cikin Garin Bauchi Za Ta Nemi Tallafin Kayan Gwajin Kimiyya

Na shafe shekaru ina koyar da Kemistiri a wata makarantar sakandare ta gwamnati a cikin garin Bauchi, kuma babu abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya kamar in ga ɗalibi ya kai aji shida bai taɓa riƙe biret, wato dogon bututun gilashi mai ma'auni da ake ɗiga asid da shi, da hannunsa ba, sai ana saura mako biyu ko uku a shiga jarabawar WAEC ko NECO a aro kaya daga wata makaranta a nuna masa a gurguje. Yaron ya haddace cewa ruwan da ke cikin kwalba zai sauya launi idan asid ya kai iyakar da ake nema, ya zana hoton kwalbar a littafinsa har da sunayen sassanta, amma ranar da aka ajiye masa ita a gabansa sai hannunsa ya kama rawa. Irin wannan yaron ne muke fatan gobe ya shiga Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) ya karanta aikin injiniya ko likitanci. Kuɗin gyara wannan lamari ba su kai yawan da ake zato ba, kuma akwai inda ake samunsu. Sai dai yawancin takardun neman tallafin da suka biyo ta hannuna tun a shafin farko suke faɗuwa, domin gini suke roƙo, alhali mai bayarwa so yake ya ji abin da yara za su yi da hannunsu, da ranar da za su yi shi, da yawansu.

Kafin a rubuta ko harafi ɗaya, a karɓi mabuɗin sito daga wajen shugaban makaranta, malaman Kemistiri da Fiziks da Bayoloji su shiga tare da littafi guda su ƙirga abin da ke ciki. A raba kayan kashi uku: masu aiki, waɗanda gyara kaɗan zai tashe su, da waɗanda suka mutu murus. Wannan aiki yana cin yini biyu ko uku, ga ƙura ga yanar gizo-gizo, amma shi ne ƙashin bayan takardar gaba ɗaya. Lokacin da muka yi namu, mun tarar da kwalaye da ba a taɓa buɗewa ba tun zuwansu, cike da kwalaben gwaji, saboda malamin da aka damƙa wa su yana tsoron kada wata ta fashe a cire kuɗinta daga albashinsa. Da mun rubuta takarda ba mu duba ba, da mun roƙi abin da muke da shi, mun bar abin da ya hana mu aiki, wato ruwa da tukunyar gas da teburan da ba sa girgiɗi. Duk sinadarin da aka samu takardar jikinsa ta goge, kada a shinshina, kada a zubar a kwata. A ware shi gefe a nemi shawarar masu kula da ɗakin gwaji na jami'a ko na kwalejin kimiyya da fasaha kan yadda za a rabu da shi.

Daga nan sai a ɗauko manhaja da tsofaffin takardun jarabawar gwaji, a fitar da gwaje-gwajen da ake so kowane ɗalibi ya yi da kansa a cikin shekara guda. Ban ga amfanin a lissafa hamsin ba. Goma sha biyu zuwa sha biyar da za a yi da gaske sun fi, kuma su ne za su faɗa muku abin da za ku saya, ba littafin tallan mai sayar da kaya ba. A Kemistiri akwai taitireshan, wato ɗiga asid daga biret cikin kishiyarsa, alkali, har launi ya juya, da gwajin gano irin gishirin da ke cikin wani garin sinadari. A Fiziks akwai gwajin lilo, da na haske ta cikin gilashi da madubi, da na wutar lantarki da batir da waya da amita da boltimita, na'urorin auna wutar. A Bayoloji akwai duba ƙwayoyin halittar fatar albasa a ƙarƙashin madubin likita, da gwajin sitaci da aidin, da zana ganye da ƙwari da ƙasusuwa.

A nan ne lissafi yake shigowa, kuma a ganina shi ne wurin da ake cin tallafi ko a rasa shi, don haka bari in ɗan tsaya a kai. A ce makaranta tana da azuzuwan kimiyya huɗu a aji biyar, kowanne da ɗalibai 60. Idan aka raba su rukuni na mutum huɗu-huɗu, rukunoni 15 ke nan a kowane aji, kuma tunda azuzuwan ba lokaci ɗaya za su shiga ba, biret 15 ake buƙata, a ƙara uku saboda fashewa su zama 18, ba 240 ba. Haka fifet, bututun gilashin da ake ɗibar ruwa daidai awo da shi, haka sandar ƙarfen da ke riƙe biret. Kowace biret tana ɗaukar mililita 50. Idan aka haɗa da ɗauraya da maimaita gwaji sau uku ko huɗu, a ba kowane rukuni mililita 100 na asid ɗin da aka sirka, wato lita ɗaya da rabi ga aji guda, lita 6 ga azuzuwa huɗu. Asid ɗin haidirokulorik mai ƙarfi da ake sayarwa a kwalba, kusan mililita 9 kawai ake ɗiba a haɗa lita guda a ƙarfin 0.1 da aka saba amfani da shi, saboda haka lita shidan nan ba za su ci fiye da mililita 55 ba. Kwalba ɗaya mai lita biyu da rabi za ta yi shekaru. Abin da ke ƙarewa da sauri shi ne tataccen ruwan da ake sirkawa da shi, da manunin launi, wato sinadarin da ake ɗigawa ya sauya launin ruwan idan asid ya kai iyaka, da takardar tacewa, da gas. Mai karanta takarda da ya ga irin wannan lissafi ya san cewa malamin da ya rubuta ta ya taɓa tsayawa a gaban aji, kuma ya san inda kowace naira za ta tafi.

Makarantar cikin gari tana da wata matsala ta daban da ya kamata a tare ta tun da wuri. Masu ba da tallafi da yawa suna ɗauka cewa ƙauye ne ke da buƙata, birni kuwa ya wadatu. Kada ku yi musu da wannan ta hanyar kuka da talauci. Ku nuna musu cunkoso da alƙaluma: yawan ɗaliban da ke kan rajista, yawan waɗanda ke zama a benci ɗaya, da yadda kaya saiti guda za su yi wa ɗaruruwan yara aiki a mako, abin da ke sa kuɗin da za a kashe a kan kowane yaro su yi ƙasa ƙwarai. Idan akwai wata makaranta a unguwarku, ko a Jahun ko Kobi ko Yelwa ko Fadaman Mada, da ɗalibanta za su iya takowa da ƙafa, ku yi yarjejeniya a rubuce cewa za su riƙa amfani da ɗakin ranar Asabar ko da yamma. Ga kafintoci da maƙera da masu walda kusa da ku, ga malaman jami'a a cikin gari. Duk waɗannan hujjoji ne cewa kayan ba za su mutu don rashin mai gyara ba.

Sai kuma sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa, domin na ga malamai sun ɓata watanni suna aika takarda inda doka ma ba ta yarda a ba su ba. Asusun TETFund, tun bayan dokar 2011, manyan makarantun gwamnati kaɗai yake tallafa wa, wato jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi, don haka sakandare ba ta da rabo a can kai tsaye. Hukumar UBEC, wadda dokar 2004 ta ware mata kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, hurumin aikinta firamare ne da ƙaramar sakandare, kuma kuɗinta ta hannun SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, suke bi bayan jiha ta saka nata kason. Idan kayan kimiyya na aji ɗaya zuwa uku kuke nema, can za ku nufa. Babbar sakandare kuwa a ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi ta jiha take.

Ƙofar da na fi ba malamai shawarar su sa wa ido ita ce shirin AGILE na ilimin 'yan mata. Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500 ga jihohi bakwai, sannan a 2023 aka ƙara dala miliyan 700, aka shigo da wasu jihohi ciki har da Bauchi da Gombe. Wani ɓangare na kuɗin ana ba makarantu ne a matsayin tallafin inganta makaranta, kwamitin SBMC, wato kwamitin iyaye da malamai da mutanen unguwa da ke kula da makaranta, shi ne kuma yake kashe su bisa tsarin da ya rubuta. Ma'anar wannan ita ce, malamin kimiyya da bai halarci zaman rubuta tsarin ba kada ya yi mamaki idan kuɗin suka ƙare a fenti da katanga. Banɗaki da ruwa da kujeru suna gaba, babu mai ja da haka, amma famfo ɗaya da za a ja zuwa ɗakin gwaji da teburan aiki shida suna iya shiga tsarin idan akwai wanda ya tashi ya faɗa, riƙe da lissafinsa a hannu.

Akwai Hukumar Raya Arewa Maso Gabas, NEDC, da aka kafa da dokar 2017, mai hedikwata a Maiduguri, wadda Bauchi da Gombe suke cikin jihohi shida da take kula da su; takarda zuwa gare ta ta fi nauyi idan ta bi ta Ma'aikatar Ilimi. Ofishin jakadancin Jafan a Abuja yana da tallafin ƙananan ayyukan al'umma da yake bayarwa don gini da kayan aiki, amma ba ya biyan albashi ko abubuwan da ke ƙarewa yau da gobe, kuma na Jamus ma yana da na ƙananan ayyuka da ke son ganin gudummawar masu nema. Sharuɗɗa da ranakun rufewa suna sauyawa, saboda haka a karanta sanarwar shekarar da ake ciki a shafin ofishin da kansa. Tsofaffin jerin sunayen masu tallafi da ke yawo a WhatsApp ba abin dogaro ba ne. Hukumar USAID ta Amurka, wadda ta daɗe tana ayyukan ilimi a Bauchi, an rufe ta a 2025, amma har yanzu sunanta yana cikin irin waɗannan jerin. Sannan ga kamfanoni: gidauniyar MTN ta yi ayyukan ilimi a makarantun gwamnati a sassan ƙasar nan, ga bankunan da ke da rassa a gari, ga kamfanin siminti na Ashaka ga waɗanda suke ɓangaren Gombe.

Duk da wannan jeri, ni ra'ayina a fara da gida. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, da 'yan kasuwar Wunti da Muda Lawal waɗanda 'ya'yansu ke makarantar, da ɗan majalisar mazaɓa, da masu yi wa ƙasa hidima da ke neman aikin raya al'umma da za su bari a baya, su ne za su iya sayen biret 18 a cikin wata guda ba tare da fom mai shafi ashirin ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Idan kuka yi zango ɗaya kuna aiki da ɗan abin da suka bayar, kuka ajiye rasit da hotuna da rajistar gwaje-gwaje, kun samu shaidar da babban mai tallafi zai fara tambaya, domin babu mai son ya zama na farkon da zai gwada amanarku.

Game da takardun hukuma, malami ba ya neman tallafi da sunan makaranta shi kaɗai. Takarda ta fito da sa hannun shugaban makaranta da shugaban SBMC, a haɗa da wasiƙar amincewar Ma'aikatar Ilimi. Idan ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ce za ta karɓi kuɗin, ta yi rajista da hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, ta samu takardar SCUML, ofishin da ke yaƙi da halasta kuɗin haram, wadda bankuna ke nema kafin buɗe wa ƙungiya asusu, kuma a sa mutum biyu ko uku su zama masu sa hannu. Kuɗin tallafi kada su kwana a asusun mutum ɗaya, ko da waliyyi ne, domin kare mutuncinsa. Duk wanda ya ce a biya shi kuɗin fom ko na share fage kafin a saki tallafi, ɗan damfara ne.

Ita takardar kanta ba ta buƙatar tsawo. Sakin layi na farko ya faɗi sunan makaranta da unguwarta, yawan ɗaliban kimiyya maza da mata, adadin gwaje-gwajen da suka yi da hannunsu bara, ko da sifiri ne, da adadin da za su yi baɗi idan aka samu kuɗin, da jimillar kuɗin. A bar dogon tarihin muhimmancin kimiyya ga ci gaban ƙasa. Mai karantawa ya san shi, kuma takardu ɗari ne a gabansa. Bayan haka sai jadawalin gwaje-gwaje zango bayan zango, da sunan muƙamin wanda zai jagoranci kowanne, da yadda za a gane an ci nasara. Kada a yi alƙawarin cewa kowa zai ci jarabawa, domin abubuwa da yawa ne ke shiga cikin sakamako. A yi alƙawarin abin da ke hannunku: cewa kowane ɗalibin aji biyar zai yi gwaji goma sha biyu, zai rubuta su a littafin gwajinsa, kuma malami zai sa hannu a kowanne. Idan da Turanci za a rubuta, a ba wani da bai san makarantar ba ya karanta, a tambaye shi abin da ya fahimta.

Kasafin kuɗi yana son takardun farashi daga masu sayarwa uku, kowace da kwanan wata. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a 2024, kuma yawancin kayan gilashi da sinadarai daga waje ake shigo da su, don haka farashin da aka karɓa yau ba lalle ya kai ranar da kuɗi za su fito ba. A saka kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana idan mai tallafin ya yarda, a kuma bayyana dalili. Yana da kyau a tambayi cibiyar ƙera kayan kimiyya ta SEDI da ke Minna da Inugu, ƙarƙashin hukumar NASENI, domin a gida take ƙera kayan makarantu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zuba kuɗin duka a kayan da za a ɗauki hotonsu ranar biki, a manta da abin da zai sa su yi aiki. Ni nakan ware kusan kashi ɗaya cikin huɗu ga sinadarai da gas da batir da gyara na shekara biyu, in kuma ware kuɗin horar da malamai na kwana uku, domin a cikinmu akwai waɗanda su ma ba su samu yin gwajin nan sosai ba a lokacin karatunsu, kuma kunya ba za ta bar su su faɗa ba. Ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN, wadda take nan tun 1957, da masu kula da ɗakunan gwaji na ATBU ko Kwalejin Tatari Ali suna iya ba da wannan horo. Idan mai tallafin ba ya biyan irin waɗannan, a rubuta a fili wanda zai biya, ko ƙungiyar iyaye da malamai ko tsofaffin ɗalibai, da sa hannunsu.

Kayan kariya ba wurin rage kuɗi ba ne: tabarau, rigunan ɗakin gwaji, tukunyar kashe gobara, bokitin yashi, akwatin agajin gaggawa, da kabad mai kwaɗo don sinadarai. A makarantunmu da 'yan mata ke sa dogon hijabi, rigar da za a cusa hijabin a cikinta wajibi ce kafin a kunna wuta. A manna doka a bango cewa asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid.

Kusan kowane mai tallafi zai tambayi gudummawarku, kuma a nan malamai sukan yi shiru suna zaton kuɗi kaɗai ake nufi. Kafintan da ya yarda ya gyara teburan ba tare da ladan aiki ba gudummawa ce, a ƙiyasta kuɗinta a rubuta. Haka gwaje-gwajen da kuka riga kuka fara da kayan kasuwa. Ruwan zoɓo manunin launi ne mai kyau: ja ne a cikin ruwan lemun tsami ko tsamiya, amma da an ɗiga masa ruwan kanwa ko na toka sai ya juya ya yi duhu-duhun kore, kuma duk yarinyar da ta taɓa taya mahaifiyarta girki za ta gane abin da ke faruwa kafin malami ya gama bayani. Zare mai tsawon mita ɗaya da aka ɗaura wa noti yana ɗaukar kusan daƙiƙa biyu ya je ya dawo, kuma da shi da agogon waya ɗalibai za su fitar da ƙarfin jan ƙasa kusa da 9.8. Akwai madubin likita na takarda mai suna Foldscope da Manu Prakash da abokin aikinsa suka ƙirƙiro a Jami'ar Stanford, wanda ke girmama abu sau 140 kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, sannan manhajar PhET ta Jami'ar Colorado kyauta ce, ana iya sauke ta a kwamfuta a yi aiki babu intanet. Sai dai kwamfuta share fage kawai take yi. Ba ta koya wa yatsa yadda zai murɗa bakin biret ya saki ɗigo ɗaya.

Idan Allah ya sa kuɗi suka fito, a sayi abin da aka rubuta, kuma duk canjin da ya zama dole a nemi izininsa a rubuce kafin a yi. A buɗe kwalaye a gaban 'yan kwamiti, a gwada kowace amita da kowane sikeli kafin a biya cikon kuɗin mai kawowa, a shigar da komai cikin littafin sito. Rahoto ya tafi a ranar da aka yi alƙawari, da rasit da hotunan yara suna aiki, bayan an nemi yardar iyayensu, har da abin da bai yiwu ba da dalilinsa. Idan ba a dace ba, a rubuta wasiƙar godiya a tambayi inda takardar ta gaza, a gyara a sake aikawa a zagaye na gaba.

Akwai abubuwa biyu da nake so shugaban makaranta ya sa wa hannu tun kafin kaya su iso. Na farko, darasin gwaji ya shiga jadawalin mako a matsayin darasi biyu a jere, domin minti arba'in ba ya isa a raba kaya, a yi gwaji, a wanke kwalabe. Na biyu, a buɗe littafin fashewa, inda za a rubuta abin da ya fashe da ranar da ya fashe, a maye gurbinsa daga kuɗin da aka ware, ba daga albashin malami ko aljihun uban yaro ba, matuƙar ba ganganci aka yi ba. Mabuɗin ɗakin kuma ya zama guda biyu, ɗaya a ofishin shugaban makaranta, ɗaya a hannun shugaban sashen kimiyya, domin kada tafiyar mutum ɗaya zuwa biki ko ta'aziyya ta hana aji shiga gwaji.